Robar kare haƙori ga ɗan wasa: wacce za ka saya, wacce za ka bari a kanti

Haƙoran gaba na sama, biyun nan na tsakiya, su suka fi shan wuya idan naushi ko gwiwar hannu ko kan abokin karawa ya sauka a baki. Ƙashi in ya karye a ɗora ya haɗe, fata in ta tsage a ɗinke ta warke. Haƙorin babba kuwa ba ya sake tsirowa, kuma kuɗin dasa guda ɗaya ya ninka kuɗin robar kariya mafi tsada.

Wannan lissafin ne ya sa hukumomin wasanni suka daina roƙon 'yan wasa, suka kafa doka. A Amurka tun 1962 aka wajabta robar ga masu zari-rugar ƙasar a makarantun sakandare. Niyu Zilan ta wajabta ta ga 'yan zari-ruga masu ƙasa da shekara 19 a 1997, sannan ga kowa a 1998, kuma daga 1995 zuwa 2003 masu neman diyyar raunin haƙori daga wannan wasa suka ragu da kashi 43 cikin ɗari. Ayilan ta bi sahu a ƙwallonta na gargajiya, yara a 2013, manya a 2014, har ta ce wanda ya ji rauni ba tare da robar a bakinsa ba asusun kula da raunin 'yan wasa ba zai biya shi ba. Damben boksin da takwando da karati duk ba a shiga gasarsu sai da ita.

Sai dai doka cewa take yi a sa, ba ta zaɓa maka. Robar da ba ta zauna daidai ba alƙalin wasa kawai take gamsarwa, haƙorin yana nan a fili. Iri uku ne a kasuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Ta sa-ka-tafi

Ita ce mafi araha, an zuba ta a ma'auni ɗaya ko uku, ƙarami da matsakaici da babba. Ba ta kama haƙora, sai ka cije take tsayawa. Da ka buɗe baki don numfashi ko kiran abokin wasa sai ta sauko, kuma lokacin da mutum ya gaji yana haki shi ne lokacin da duka ya fi samunsa. Ba mu ba kowa shawarar sayenta.

Ta tafasa-ka-ciza

Mafi yawan 'yan wasa ita suke amfani da ita. Da robar EVA ake yin ta, wadda ke laushi a ruwan zafi ta ɗauki siffar haƙoranka. Mai kyau cikinta hawa biyu ce: waje mai tauri da ke riƙe siffa, ciki mai laushi da ke lafewa a jikin haƙori. Mai hawa ɗaya ta fi saurin lalacewa wajen gyara. Ingancinta rabi daga masana'anta yake, rabi daga hannunka, don haka ga yadda ake yi.

Ka wanke baki da hannu. Kafin ka taɓa ruwa, ka gwada ta a bushe: ya kamata ta rufe har turmin farko na baya aƙalla. In ta yi tsawo tana taɓa can ciki tana sa ka kakarin amai, ka datse milimita biyu ko uku daga kowane ƙarshe da almakashi. Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka bar shi kamar daƙiƙa 30. Ka tsoma ta na tsawon lokacin da takardarta ta faɗa, galibi tsakanin daƙiƙa 30 da 60, da agogo a hannu. Ka ciro da cokali, ka tsoma a ruwan sanyi daƙiƙa ɗaya ko biyu don kada ta ƙona dasashi. A gaban madubi ka daidaita tsakiyarta da tsakiyar haƙoran gaba, ka tura sama da manyan yatsu, ka danna ta waje ta kan leɓe da kumatu, ka tokare ta ciki da harshe, ka tsotse iska da ruwan da ke ciki da ƙarfi. Cizon ya zama na hankali, daƙiƙa 20 zuwa 30. Daga nan sai ruwan sanyi na minti biyu ta daskare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cizo da ƙarfi. Mutum yana ganin hakan ne zai sa ta kama, alhali matse robar yake yi daga inda ake buƙatarta. Tsotsa da dannawa ne ke kawo kamu. In ka ɗaga ta a haske ka ga wurin turame ya yi shara-shara, ko haƙori ya kusa hudawa, ta tashi aiki. Wanda ya bar ta ta daɗe a ruwa kuma zai ga gefunanta sun naɗe sun manne da juna. Yawancinsu suna jure sake tafasawa sau ɗaya ko biyu, bayan haka kauri ya tafi.

Rauninta na asali, ko an gyara ta da kyau, shi ne ba ka da iko a kan kaurin da zai rage a gaban haƙoran gaba, kuma sau da yawa ba ta hawa sama sosai ta rufe dasashin da saiwar haƙori ke ƙarƙashinsa.

Ta wurin likitan haƙori

Zuwa biyu ake yi. A na farko likita zai cika faranti da wani ƙulli mai daskarewa, ya danna a haƙoranka na minti biyu ko uku, daga nan a zuba siffar bakinka da farar ƙasa ta musamman. A kan wannan siffa ake gina robar, kuma hanya biyu ce, ya kamata ka tambayi wacce za a bi. Ta farko, a gasa falle ɗaya na roba, na'ura ta zuƙo shi ya lulluɓe siffar. Ta fi sauƙin kuɗi, amma fallen yana miƙewa ya sirance daidai kan tsinin haƙoran gaba, saboda haka wanda ya fara da falle mai milimita 3 ba zai ƙare da 3 ba. Ta biyu, a haɗa falle biyu ko uku da zafi da matsin iska mai ƙarfi, ana ƙara kauri inda ake so. Wannan ita ce ta fi kowacce, kuma ita muke so ga duk wanda fuskarsa ake nema da gangan: ɗan boksin, ɗan takwando, da ɗan dambenmu na gargajiya, wanda hannun da aka naɗe da zare tamau ke sauka a muƙamuƙinsa babu safar da za ta rage zafin.

Abin da za ka nema a bayyane yake. Kaurin milimita 3 zuwa 4 a gaban haƙoran gaba bayan an gama, ba kafin a gasa ba. Kamar milimita 2 zuwa 3 a wurin tauna. Gefen waje ya hau dasashi har ya kusa lungun da leɓe ya haɗu da shi, a goge shi sumul. Gefen ciki ya zama gajere mai siririn baki don kada ya cika ganɗa ya hana magana. Ka ce a fitar da sawun haƙoran ƙasa a jikinta, domin in ka rufe baki duka haƙoran su sauka tare. In turame biyu kaɗai ke taɓawa, duka a haɓa a kansu zai taru. Wuce milimita 4 ba ya ƙara kariya sosai, numfashi kawai yake takurawa. Sashen haƙori na asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Maiduguri, nan ne wurin fara tambaya, kuma ka roƙi a ba ka siffar bakin ka ajiye.

Gwajin da ba ya ƙarya

Kowacce ka saya, ka sa ta ka wangale baki. Kada ta faɗo, kuma kada harshe ya iya ture ta cikin sauƙi. Sai da yatsa za ta fita. Ka ƙirga ɗaya zuwa ashirin da ƙarfi a ji abin da kake faɗa. Ka yi gudun minti biyu da ita. Wadda ta faɗi wannan gwaji a aljihu za ta ƙare ranar wasa.

Wa ya dace da wacce

Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana famfara, bakinsa na canjawa cikin 'yan watanni, don haka kashe kuɗi mai yawa a kan ta likita bai cika zama dole ba. Ta tafasawa mai girman yara ta isa, a riƙa dubawa duk wata uku, a canja da ta fara matsewa ko sakwarkwacewa. Kada a datse ta manya a ba yaro, faɗin ba ɗaya ba ne. Mai ƙarfen gyaran haƙori kada ya tafasa ta gama-gari ya ciza, za ta maƙale a ƙarfen ko ta hana haƙoran motsin da ake so. Akwai wadda aka yi dominsa, kuma likitansa ne zai zaɓa. Wanda haƙoransa na ƙasa suka fi na sama fitowa, shi ma ya ga likita, wataƙila ta ƙasa ce tasa. Mai rufe sama da ƙasa a haɗe tana riƙe muƙamuƙi, amma sai ta 'yan ramuka ake numfashi, kuma da yawa ba sa iya jure ta zagaye uku.

Ka duba dokar wasanka kafin ka zaɓi launi. A boksin na waɗanda ba ƙwararru ba galibi ba a yarda da ja ba, don kada ya ɓoye jini. A takwando fara ko garai-garai ake karɓa.

Tarko biyu ga mai saye ta intanet. Robar da ake sa wa masu cizon haƙora cikin barci kamarsu ɗaya a hoto, amma siririya ce ko mai tauri, ba ta shanye duka. Sannan duk kwalin da ya yi alkawarin hana girgizar ƙwaƙwalwa, kada ka ƙara ko kwabo saboda wannan. Abin da aka tabbatar shi ne kariyar haƙora da leɓe da harshe. Wanda ya sha duka a kai ya ga jiri, fita zai yi daga fili ko da wace roba ce a bakinsa.

Zafi ne babban maƙiyinta a wajenmu. Abin da ruwan zafi ya lanƙwasa, gaban mota a rufe cikin watan Afrilu ma zai lanƙwasa shi. A wanke da ruwan sanyi da sabulu da buroshi bayan kowane wasa, ta bushe, a sa a akwatinta mai ramuka. Babba ya canja duk kakar wasa, ko da zarar ta tsage ko ya tattaune gefenta. Masu horarwa kuma, don Allah, a daina ajiye guda biyu ana karɓa-karɓa tsakanin yara: baki mai jini hanya ce ta ciwon hanta. Kowa da tasa, da sunansa a akwati, kuma dokar ta fara daga atisaye, inda ake shafe sa'o'i fiye da na gasa.

In duk da haka haƙorin babba ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. A ɗauraye da madara ko ruwa mai tsabta na 'yan daƙiƙu, a mayar da shi raminsa, mutum ya cije ƙyalle. In ba zai yiwu ba a sa shi cikin madara, ba ruwa ba, ba takarda ba, a kai ga likita cikin sa'a ɗaya. Haƙorin nono na yaro ba a mayar da shi, domin yana iya lalata na dindindin da ke ƙarƙashinsa.