Sharhi Kan Aikin Masu Gyara Da Suka Dawo Mana Da Sadarwa Tsakanin Sabar Kaduna Da Ta Zariya

Ni ne ke kula da kwamfutoci a wani kamfanin dillancin kayan masarufi da ke da babban ofis a kan titin Ahmadu Bello, da sito a Kakuri, da kuma reshe a Zariya. Rumbun bayananmu yana kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL ne, kuma tsarin da muke bi shi ne babbar sabar Kaduna ta riƙa tura duk wani canji zuwa ta Zariya ta hanyar kwafin da ke bin tebur-tebur, wanda manhajar ta fara zuwa da shi a siga ta 10 a shekarar 2017. Mun shafe kusan shekara biyu a haka lafiya lau, har zuwa wata Litinin da manajan Zariya ya kira ni yana cewa, "Malam, kwamfutarmu na nuna buhun shinkafa 400 a sito, amma direba ya je Kakuri an ce masa 120 suka rage."

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi, wato na kashe sabar Zariya na sake kunna ta, na kuma ɗora laifin a kan intanet, domin ta saba yi mana haka. Sai da na ga faifan ajiyar babbar saba ya kai kashi 91 cikin ɗari, alhali makon da ya gabata bai wuce rabi ba, sannan na kira kamfanin da muke da yarjejeniyar gyara da su ta shekara guda.

Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba. Yarjejeniyarmu ta ce za su amsa cikin awa huɗu, amma na kira da ƙarfe tara na safe, ba wanda ya waiwaye ni sai bayan la'asar, shi ma ɗin ya tambaye ni ne ko na gwada kashewa da kunnawa. Ga kamfanin da ke sayar da kaya bisa lissafin da ke kan allo, yini guda na jira ba ƙaramar asara ba ce.

Washegari suka turo wata injiniya, kuma daga nan ne ra'ayina ya fara sauyawa. Ba ta taɓa komai ba sai da ta buɗe rajistar da sabar Zariya ke rubuta kura-kuranta, inda muka tarar da saƙo guda yana maimaita kansa duk bayan daƙiƙa biyar tun kwana tara da suka wuce: akwai lambar rasit da ta zo daga Kaduna, amma ta iske wata mai irin lambar a teburin. Ta yi mini bayanin cewa a wannan tsarin, idan canji ɗaya ya ci karo da abin da ke ƙasa, mai karɓa ba ya tsallake shi ya wuce gaba, tsayawa yake yi cak, ya yi ta sake gwadawa, duk abin da ke bayansa kuma ya yi layi. Ita kuwa babbar saba, da yake an yi mata umarni kada ta goge fayilolin WAL, wato waɗanda take rubuta kowane canji a ciki, har sai Zariya ta tabbatar ta karɓa, sai ta yi ta tara su, kowanne megabayit 16, wanda shi ne ya kusa cika faifan. Da ya cika, rumbun Kaduna ma da ya tsaya, ciniki ya tsaya a ko'ina. Ta nuna mini haka ƙarara a pg_replication_slots, wato jerin da babbar saba ke nuna matsayin masu karɓar kwafi daga gare ta, inda mazaunin Zariya ya nuna ba ya aiki.

Da muka bi diddigi, laifin ya dawo kaina. Wata rana da intanet ta yanke, akawun Zariya ya roƙe ni in ba shi damar shigar da ciniki ɗaya kai tsaye a sabarsu domin kada kwastoma ya tafi, na kuwa ba shi, na manta. Kwafin daga Kaduna zuwa Zariya kaɗai yake tafiya, saboda haka Kaduna ba ta san an yi amfani da lambar ba, ta bai wa wani cinikin. Injiniyar ba ta yi mini gori ba, cewa kawai ta yi, "Malam, ba kai kaɗai ba ne, wannan ita ce matsalar da muka fi gani."

Na yaba da yadda ta warware abin. Tun daga siga ta 15 akwai umarnin da ke tsallake canjin da ya maƙale, kuma ni shi na so mu yi don mu huta, amma ta ƙi, tana mai cewa umarnin yana zubar da cinikin gaba ɗaya ne da duk layukan da ke cikinsa, har da ragin kaya a sito, sai a wayi gari da wani saɓanin da ba wanda zai gane asalinsa. A maimakon haka ta adana rasit ɗin Zariya a gefe, ta goge shi daga teburin, ta bar kwafin ya ci gaba, daga baya muka sake shigar da shi daga Kaduna da sabuwar lamba. Bayan minti ashirin abin ya sake tsayawa, wannan karon saboda wani gurbi da na ƙara a teburin kwastomomi na Kaduna wanda babu shi a Zariya, domin sauyin fasalin tebur shi ma ba ya tafiya da kansa. Wannan bai ɗauke ta minti biyar ba. Kafin magariba lissafin ɓangarorin biyu ya daidaita, faifan kuma ya sauko.

Kafin ta tafi ta sanya iyaka ga yawan WAL da za a riƙe ta hanyar max_slot_wal_keep_size, wanda aka samar a siga ta 13, tare da gargaɗin cewa idan aka wuce iyakar, sai an sake kwafo bayanan Zariya daga farko. Gara wannan, in ji ta, da a rasa babbar saba. Ta mayar da asusun ma'aikatan Zariya na karatu kawai, ta kuma haɗa mini saƙon tes da zai shigo wayata idan kwafin ya yi jinkirin minti goma sha biyar.

Rahoton da suka aiko daga baya shafi bakwai ne na Turanci mai nauyi, wanda sai da na zauna na fassara wa maigidanmu Alhaji kafin ya amince a biya. Akwai kuma tambayar da har yanzu ba su ba ni amsa mai gamsarwa ba, wato yadda Zariya za ta yi ciniki idan intanet ta yanke, tunda yanzu an rufe musu ƙofar rubutu. Shawararsu ita ce a koma rasit na takarda har layi ya dawo, abin da muke yi ke nan a halin yanzu. Zan sabunta yarjejeniyar saboda ingancin wannan injiniya, amma na riga na shaida musu cewa sai an rubuta tara a kan duk awar da suka wuce ba su amsa kira ba.