Irin tallafi ya yi kyau, amma takin ya ɓata mani rai

Irin geron da aka ba mu bana, tsakani da Allah, ba ni da abin cewa a kansa. Sosat ne, a ƙulle cikin leda. Na shuka shi a gonata ta jigawa da ke kan hanyar Mai'adua bayan ruwa na biyu, ya tsiro rami bai yi fashi ba, kuma ya riga geronmu na gida fitar da kai. Zangarniyarsa a cike take, in ka damƙe ta sai ka ji tauri a hannu. Duk wanda ya san yadda ruwa ke ɗauke mana da wuri a ƙasar Daura ya san darajar gero mai saurin nuna. Da a nan maganar ta tsaya, da cewa zan yi kowa ya garzaya.

Amma taki fa?

Tun kafin ruwa ya sauka aka rubuta sunayenmu, aka karɓi lambar NIN da ta waya. Muka yi firi shiru, muka yi maimai shiru. Kamfa kuwa, wato takin NPK, kowa ya sani, tun gero yana ƙarami yake son ta, a makonnin farko bayan tsiro. Yuriya ce ake bi da ita daga baya. Sai da ganyen ƙasa ya fara rawaya sannan aka ce a fito gobe za a raba.

Da na idar da sallar asuba ko koko ban tsaya sha ba. Na tarar da layi ya zagaye filin makaranta, tsofaffi sun ajiye takalma da duwatsu suna riƙe musu wuri, su suna fakewa a gindin dalbejiya. Sai bayan la'asar na isa gaban tebur. Yaron da ke riƙe da takarda, sa'an ɗana ne, ya bi layi da biro ya ce, "Baba, ai an karɓi naka." Na ce, "Wa ya karɓa, ɗana?" Ya juyo mani takardar. Ga sunana, ga lambar wayata, ga dangwalen yatsa shuɗi a gefe. Na ɗaga masa yatsuna goma, babu ɗigon tawada ko ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma haka aka ba shi, in matsa gefe. Wallahi ba buhun ne ya fi ƙona mani rai ba, yadda na baya suka riƙa kallona kamar na zo cin kashi biyu ne. Shekarata sittin da ɗoriya, ban taɓa tsayawa a gaban jama'a ina rantse-rantse a kan abin duniya ba sai ranar.

Mai unguwarmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya yi ta sintiri har kwana tara, aka ba ni buhun kamfa ɗaya mu raba da maƙwabcina. Takin kansa mai kyau ne, wannan ba zan ɓoye ba. Bai dunƙule ba, babu yashi a ciki, inda na zuba ganye ya yi duhu cikin mako guda. Kuma kuɗin da muka biya bai kai na kasuwa ba ko kusa.

To amma rabin buhu a gonar da ke cin uku, bayan lokaci ya wuce, me zai yi? Dole na sayar da tunkiyar uwargida na sayi yuriya. A rumfar da na saya kuwa na ga buhunan tallafi a jibge, da tambarinsu, ana sayarwa a farashin kasuwa. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina ƙila nawa yana ciki.

A 2012, zamanin Adesina yana ministan noma, saƙo ne ke shigowa wayarka, ka je wurin dila ka ɗauki buhu biyu a rabin kuɗi. Shi ma yana da nasa cikas, amma ni na karɓa da hannuna. A 2017 mun sayi kamfa a naira 5,500. Yau ga NIN, ga waya, ga dangwale, kuma wani ya dangwala a madadina.

Irin dai na ware zangarniya masu kyau na rataye a rumbu. Taki kuwa, tun yanzu na fara kai na dabbobi gona da amalanke, in an kira rabo baɗi ɗana zan tura.