Gargaɗi ga masu kat-kat ɗin da ba Toyota ba: akwai mai "kayan Dubai" a Yamai da ke farautarmu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga Tawa nake rubuta wannan, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya isar wa wanda ya sani mai Pajero, Patrol, Galloper ko Trooper. Jikka 950 na yi asara, amma ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Saura ƙiris aikin mutumin nan ya halaka ni da ƙanena a daji.

Motata Isuzu Trooper ce ƙirar 1996, mai injin gazuwal 3.1. Gadon mahaifina ce, shi ya sa na kasa rabuwa da ita duk da kowa na ce mini in haɗa kuɗi in sayi Hilux in huta. Suna da gaskiyarsu. A ƙasar nan Toyota ce ke mulki. In Land Cruiser ta lalace maka a Abalak, kafin la'asar an samo kayanta, sabo ko na hannu, kuma yaron garaji ma ya san yadda ake ɗaura su. Mai Trooper kuwa sai ya yi mako yana bugun waya. Wannan maraicin namu shi ne jarin ɓarawon nan. Ya san babu wanda ke kusa da mu da zai kalli kaya ya ce wannan ba na motarka ba ne.

Niyyata in gyara motar ta iya shiga rairayi, don muna da dabbobi arewa da Abalak, kuma na daɗe ina son zuwa Ingal bikin Cure Salée na makiyaya da ake yi cikin Satumba. Abin da nake so bai da yawa: a ɗan ɗaga ta, a sa amortisa (ƙarafan da ke shanye girgizar hanya) masu ƙarfi, tayoyin daji, da bututun iska da ke hawa gefen gilashin gaba saboda ƙura da ruwan ƙorama lokacin damina.

A Facebook na ga tallar mutumin, muka koma WhatsApp. Bakinsa zuma. Ya san sunan injin motata, 4JG2, tun ban faɗa ba, kuma wannan ne ya sa na saki jiki. Ya turo hotunan amortisa masu launin rawaya cikin kwali, ya ce na Ostareliya ne, ta Dubai yake kawo su. Ya nemi jikka 600 kafin alƙalami, na aika. Bayan mako uku ya ce kaya sun maƙale a Lome. Wa zai musa? Kowa ya san bayan Yulin 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, kayan da a da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Togo da Burkina cikin ayari. Da wahalar da ƙasa ke ciki yake rufe ƙaryarsa. Ya ƙara karɓar jikka 150 wai na duwan.

Da ya ce kaya sun iso, na tuƙa motar da kaina ta Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso, sama da kilomita 500, na kai masa wani fili mai katanga inda ake gyaran motoci. Ya ce in bar ta kwana tara. Na biya jikka 200 na aiki. Ranar da na koma, wallahi motar ta yi kyau a ido, ta miƙe tsaye, rawayan fenti na leƙowa ta ƙarƙashi. Na tambayi tsofaffin kayana da aka cire, ya ce yara sun zubar. Nan ya kamata in farga.

A kwalta ban ji komai ba sai ɗan taurin gaba. Bayan kwana biyar muka fita gwaji ni da ƙanena, muka wuce Tabalak, muka sauka daga kwalta. Ba mu yi nisa ba bayan motar ya fara tsalle kamar jakin da aka tsikara, gaba na ƙara ƙas-ƙas duk lokacin da na karya kan mota. Sai tayar baya ta fashe. Motar ta karkata har na ga ƙasa ta tagar ƙanena. Allah ne kawai ya tsayar da ita.

Da aka jawo ta gida, makanikenmu, dattijon da tun zamanin mahaifina yake taɓa motar, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai ya ce: "Ɗana, wa ya yi maka wannan? Wanda ya yi shi bai ƙi ka mutu ba." Ya sa farce ya kankare amortisa ɗaya, fenti ya tashi, ga tsatsa da tsohon baƙin fenti a ƙasa, mai na zuba ta wuya. Lambar da ke jiki an goge ta. Rosor ɗin baya, wato nannaɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, na wata mota ne dabam, an yanke su da inji don su zauna, shi ya sa ɗaya ya goce daga mazauninsa.

Aikin gaban ne ya fi ba ni tsoro, kuma ina so masu Trooper, Galloper da tsohuwar Pajero su fahimce shi. Gaban motocin nan ba rosor ke riƙe da shi ba, wasu dogayen sandunan ƙarfe ne masu murɗawa, kowanne da ƙusar da ake ɗaurewa ko sassautawa. In ka ɗaure ƙusar, gaba zai ɗaga. Ana yin haka kaɗan, da awo, sannan a daidaita ƙafafu. Shi kuwa ya ɗaure su har ƙarshe. Mota ta ɗaga ba tare da ya kashe ko dala ba, amma taya ba ta da sauran wurin sauka in ta faɗa rami, kardan, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ya karkace fiye da ƙima, robar da ke rufe shi ta yage, rairayi ya shiga. Ƙarar da nake ji ke nan. Bututun iska kuma ado ne kawai: an ɗaure shi a jikin mota, ba a haɗa shi da akwatin matatar iska ba. Da na amince da shi na shiga ƙorama, injin gazuwal in ya sha ruwa ya gama.

Tayoyin ma tsofaffi ne da aka wanke aka shafa musu baƙi. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 na nufin mako na 23 a 2014. A uku daga cikin nawa an kankare wurin. Tsohuwar roba da zafin Adar ba sa shiri.

Lambar wayar mutumin ta daina shiga tun ranar. Na koma Yamai, mai filin ya ce shi haya kawai ya ba shi ta wata ɗaya, bai san gidansa ba. Shafin ya ɓace, amma wani aboki ya nuna mini hotunan nan dai, kwalin nan dai, a ƙarƙashin sabon suna.

Abin da Baba makanike ya koya mini daga baya ya ƙara mini baƙin ciki, don da na sani da ban je wurin kowa ba. Trooper ba baƙuwa ba ce kamar yadda aka tsorata ni. Ita ce aka sayar a Turai da sunan Opel Monterey, a Japan Bighorn, a Ostareliya Holden Jackaroo. Galloper kuma Pajero ce ta farko da Hyundai ta ƙera a Koriya. In ka nemi kaya da waɗannan sunayen, tare da lambar shasi da ke cikin takardar motarka, ƙofofi da yawa na buɗewa. Duk mai sayarwa na gaskiya zai ba ka lambar kayan ka duba da kanka, zai yarda makanikenka ya riƙe su a hannu kafin ka cika kuɗi, kuma zai mayar maka da abin da ya cire daga motarka. Wanda ya ƙi ɗaya cikin ukun nan, ka ɗauki makullinka ka tafi. Kuma kada ka bar mota kwana tara a wurin da ba ka san mai shi ba, ka zauna ko ka ajiye naka.

Na kai ƙara wurin ƴan sanda da rasit ɗin aika kuɗi, saƙonnin murya da hotunan kayan. A can na haɗu da wani bawan Allah mai Patrol da aka yi wa irin wannan, har da zancen Lome. Duk wanda abin ya shafa, don Allah kada kunya ta hana shi zuwa, kuma kada ya goge saƙonnin da ke wayarsa. Motar tana garajin Baba a kan duwatsu, muna jiran kardan biyu.