Kafin ka sayi kayan auna narkewar abincin dabbobi masu tuƙa

Mai son sanin yawan abin da saniya ko tunkiya ke amfana da shi daga harawa, dusa ko 'ya'yan gawo yana da hanyoyi da dama, kuma tsadarsu ta sha bamban.

Wadda ba a gardama da sakamakonta ita ce ciyar da dabbar kanta. Ana sa tumaki a kejin da ke raba kashi da fitsari, su yi kamar mako 2 suna sabawa da abincin, sannan a yi mako guda ana auna abin da suka ci da wanda suka kasayar. Sai dai gwada abinci iri ɗaya kawai yana cin buhuna da ma'aikata.

Hanyar jakar nailan, wato a ƙulle abinci a 'yar jaka a sa a tumbin dabba, wadda Ørskov da McDonald suka tsara lissafinta a 1979, tana nuna saurin narkewa, amma sai da dabbar da aka yi wa tiyata aka buɗe ƙofa zuwa tumbinta. Idan babu likitan dabbobi da zai riƙa kula da ciwon, musamman lokacin zafi da ƙudaje, ka bar ta. Hanyar Tilley da Terry ta 1963 kuwa, inda ake jiƙa abincin awa 48 a ruwan tumbi da wasu 48 a sinadarin pepsin mai narkar da furotin, adadi ɗaya kawai take bayarwa.

A ganina, ɗalibi mai ƙaramin kuɗi ya fara da sirinjin gilashi na Menke, wanda aka kyautata a Jami'ar Hohenheim ta Jamus. Miligiram 200 na abinci ya isa, a zuba masa ruwan tumbi, a riƙa karanta iskar da ke taruwa, wadda ke nuna yadda abincin ke narkewa. Ruwan ana iya ɗebo shi da ɗuminsa daga mayanka a cikin fulas. Ga masu binciken ganyayen itatuwanmu da ke da tanin, wato sinadarin da ke sa ganye bauri, wannan hanya tana da wata fa'ida: a ƙara sinadarin PEG, wanda ke ɗaure tanin, a wasu sirinjin, idan iskar ta ƙaru, tanin ne ke danne narkewar. Abincin da ya yi fice a nan shi kaɗai za a kai wa tumaki.

Abin da ke kashe aikin shi ne rashin wutar lantarki. Dole zafin sirinjin ya tsaya a digiri 39 dare da rana, don haka kuɗin janareta ko batir su shiga lissafi kafin na sirinji.