Baƙin man mota mai turbo: maganar littafi da maganar bakanike

Alhaji, barka da wannan lokaci, Allah ya sanya alheri a abin hawa. Tambayar da ka kawo zaure ita ce, ka sayi Honda Accord ƙirar 2018 shigowar Amurka, mai injin 1.5 da turbo, kuma yawancin zirga-zirgarka a cikin Birnin Kebbi take, sai jefi-jefi ka je Sakkwato ko Yawuri. Littafin motar ya ce a zuba mata 0W-20, a jira har allon gaban direba ya nuna lokacin juye ya yi. Bakanikenka kuwa ya ce wannan mai ruwa ne tsagwaronsa, ba zai jure zafin Kabi ba, don haka a zuba 20W-50 mai kauri, a riƙa juye duk kilomita 3,000. Kana so ka san wanda za ka bi. A ganina, a kan nau'in mai littafi ne ke da gaskiya, a kan lokacin juye kuma bakanike ya fi kusa da ita, ko da yake dalilin da ya ba ka ba shi ne ainihin dalilin ba.

Turbo farfela biyu ce a kan siririn ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin injin da ƙarfi, shi ya sa ƙaramin injin kamar naka yake ja kamar babba. Wannan ƙarfe yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan turbo ma yakan haura 200,000, alhali injin kansa da wuya ya wuce 6,500. Zafin hayaƙin da ke bugun farfelar a injin fetur yakan kai digiri 900 idan ana tafiya da nauyi. A mafi yawan turbo ƙarfen ba ya zaune a kan boris, yana yawo ne a kan wani ɗan siririn shimfiɗin mai a cikin bushi, kuma man nan shi ne dai baƙin man injin, wanda famfo ke turowa ta wani ƙaramin bututu, ya sa wa ƙarfen santsi, ya kwashe zafi, sannan ya gangara da kansa ta wani bututu mai faɗi ya koma kwanon da ke ƙarƙashin injin. Idan man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi kawai turbo tana cikin gudu, ƙarfe ya taɓa bushi, ɓarna ta fara. Saboda haka duk man da za a zaɓa, ana auna shi da abu biyu: saurin isarsa wurin, da yadda yake jure zafin da zai tarar.

A wajen saurin isa, 0W-20 ya yi wa 20W-50 nisa. Lambar farko tana nuna yadda mai ke gudana da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a digiri 100. A wannan zafin, mai lamba 50 ya ninka mai lamba 20 kauri kamar sau biyu, da safe kuwa kafin injin ya ɗumama bambancin yakan kai sau uku ko fiye, musamman a sanyin Disamba da Janairu. Ramukan da mai ke bi a injinka an yanka su ne daidai da siririn mai, haka ma na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda matsin mai ke motsawa. Mai kauri zai bi ta cikinsu, amma a hankali kuma kaɗan-kaɗan, ga shi kuwa yawan man da ke ratsa turbo ne ke kwashe zafinta. Hujjar zafin gari da bakanike ya kawo tana da asali, domin a kan Peugeot 504 da 505 da tsofaffin Toyota aka koyi aikin, injinan da ke da faɗin rata a ciki kuma suke son mai kauri. Sai dai man da ke cikin injin yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 110, kuma lagireto da tamostat ne ke riƙe da wannan zafi, ko gari ya kai digiri 43 a watan Afrilu ko ya sauka da damina. Zafin waje yana ɗan ƙara wa mai zafi, amma bai kai a ninka kaurinsa ba. Idan hankalinka bai kwanta da 0W-20 ba, iyakar abin da zan lamunta shi ne 5W-30 cikakken sintetik (wato man da aka sarrafa musamman don ya fi na gargajiya jure zafi), wanda taki ɗaya ne kawai ya ɗara.

Jure zafi kuma magana ce ta asalin man, ba ta kaurinsa ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Yawancin 20W-50 da ke kasuwarmu mai ne na gargajiya, wanda yake saurin ƙonewa idan ya haɗu da ƙarfe mai tsananin zafi. Idan ka taso daga Sakkwato a guje, ka ci kimanin kilomita 150 ta Argungu, ka tsaya ka kashe mota nan take, famfo ya daina turo mai, zafin da ke jikin farfelar hayaƙi kuma sai ya malalo cikin gidan bushi, ya soya ɗan man da ya rage a wurin har ya zama baƙin gawayi mai tauri. Yau kaɗan gobe kaɗan, bututun da ke kawo mai ya tsuke, kuma juye ko sau nawa ne ba ya kankare abin da ya riga ya daskare. Wannan ya taɓa faruwa ga kamfani sukutum. Injin 1.8 mai turbo da ke cikin Volkswagen Passat da Audi A4 na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2004 ya yi ƙaurin suna wajen tara daskararren mai, domin kwanonsa ƙarami ne, turbo tana dafa man, masu motocin kuma da yawa suna zuba na gargajiya su kuma jinkirta juye. A 2004 kamfanin ya tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 8 a Amurka, ya wajabta man sintetik, ya kuma koma ga filta mai girma. Na kawo wannan ne saboda injinka ma ba ya cin lita 4 cikakkiya, wato ɗan mai ne ke ɗauke da aiki mai yawa.

Akwai kuma wata matsala ta injinan da suka haɗa turbo da fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin naka: wuta takan kama kafin fulogi ya ba da ita, yawanci idan an taka totur da ƙarfi injin yana juyawa a hankali, kuma bugu ɗaya irin wannan yana iya fasa fistin. An gano cewa sinadaran da ke cikin wasu mayukan suna taimaka wa hakan, shi ya sa aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai da ake kira API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Ka duba bayan galan ka ga ɗayansu ko wanda ya biyo bayansu. Galan ɗin 20W-50 da yawa suna ɗauke da SL ne ko abin da ya girme shi, waɗanda aka tsara tun kafin a san da wannan matsala.

Inda bakanike ya fi littafi shi ne sanin ƙasar da motar take. Lissafin da ke allon gabanka kwamfuta ce ke yin sa daga yawan juyawar injin da zafinsa da tsawon tafiya. Ba ta ɗanɗana man, ba ta san ko na gaske aka zuba ko jabu ba, ba ta kuma san ƙurar hunturu da ke turnuƙe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko jar ƙasar hanyoyin da ke shiga gonakin shinkafa a fadama. An tsara ta ne da zaton tsabtataccen fetur da kwalta. A Turai, tun 2009 doka ta taƙaita sinadarin salfa a mai zuwa kashi 10 cikin miliyan, mu kuwa mun daɗe ana barin har 1,000 a fetur da 3,000 a gas kafin a tsaurara ƙa'idar, kuma salfa idan ta ƙone ta haɗu da danshi tana zama ruwan asid da ke cinye ƙarfin baƙin mai. Kamfanonin ma sun san da bambancin yanayi. Volkswagen yana barin wasu motoci su kai kilomita 30,000 ko shekara 2 a Turai da wani mai na musamman, Toyota kuma a Amurka yana rubuta mil 10,000, amma ya ce a koma 5,000 ga mai bin hanyar ƙura ko mai yawan barin mota a sulo. Abin da suke kira yanayi mai tsanani shi ne rayuwarmu ta kullum.

Ga wani lissafi da mita ba ta nunawa. Wanda ke yawo a cikin gari, daga gida zuwa ofis zuwa kasuwa, da tsayawa a ɗauko yara ana barin na'urar sanyaya mota a kunne, idan matsakaicin gudunsa kilomita 25 ne a awa, kafin ya cika kilomita 5,000 injinsa ya yi awa 200 yana aiki. Mai doguwar tafiya a kan 80 zai cinye wannan nisan a awa 63 kacal. Mita ta nuna lamba ɗaya, amma man na farko ya sha wuya ninki uku. Gajerun tafiye-tafiye suna da wata illar kuma, domin fetur yana zurarewa ta gefen ringi ya gauraya da baƙin mai, kuma ba ya ƙafewa sai injin ya yi zafi sosai na ɗan lokaci. An san wannan injin 1.5 na Honda da hakan, musamman a CR-V da Civic a ƙasashe masu sanyi. Zafinmu yana rage matsalar, amma duk wanda ya bari aka cire masa tamostat, kamar yadda aka saba a garejinmu da sunan maganin zafi, ya jawo wa kansa ita da hannunsa. Sannan ka lura, mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mutum yakan ce yana juye duk 5,000 alhali kilomita 8,000 yake yi bai sani ba.

Shawarata ita ce 0W-20 cikakken sintetik, a juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar filta kowane karo. Idan akwai lokacin da tafiyarka ta zama ta babbar hanya zalla, kana iya kai wa 7,000 ko 8,000. Kilomita 3,000 da man sintetik asarar kuɗi ce, da man gargajiya kuma ba ta hana gawayin da na ambata taruwa. Ta fuskar aljihu, a kilomita 15,000 tsarin bakanike juye biyar ne da filta biyar da kuɗin aiki biyar, tsarina kuma uku, don haka ratar ba ta kai yadda farashin galan ke nunawa ba, balle a haɗa da kuɗin sabuwar turbo. Hatsarin da ke tattare da zaɓin littafi guda ne, wato jabu, domin mai mai tsada shi aka fi kwaikwayo. Ka saya a babban gidan mai ko wajen dillalin da aka sani, ka duba hatimin murfi, a buɗe galan a gabanka, kada kuma ka yarda da man durom da ake aunawa.

Duk wannan ba zai amfane ka ba idan hanyar man ta toshe, kuma tun da motar ta yi shekaru a hannun wani, yana da kyau a kwance bututun da ke kai mai turbo a duba cikinsa sau ɗaya. Wasu injinan suna da 'yar ragar tace datti a cikin kusoshin wannan bututu, kamar tsofaffin Subaru masu turbo da injin gas 1.6 HDi na Peugeot, kuma toshewarta ta kashe turbo masu yawa. Ka hana a shafa gam a bakin bututun shiga ko na fita, domin guntunsa yakan ɓalle ya toshe rami, gasket na ainihi ake sa wa. Ka hana a wanke injin da kananzir ko gas, ka kuma guji abin ƙara kaurin mai da ake sayarwa a ƙananan gwangwanaye. Shuɗin hayaƙi ba kullum yake nufin turbo ta mutu ba, domin toshewar bututun komawar mai, ko na numfashin injin, ko filtar iska da ta cika da ƙura, duk suna sa mai ya tsallaka cikin salansa. Filtar iskar nan a hunturu sauya ta ake yi, hura ta da iskar mai faci yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta ci bakin farfela. In kuwa har ta kai ga sauya turbo, a sauya bututun mai tare da ita, a juye mai da filta, a kuma ɗura mata mai ta ramin shiga kafin a tayar da injin.

Da safe ka ba ta kamar rabin minti, sannan ka tafi a hankali har allurar zafi ta hau, ba a bukatar dogon ɗumamawa. Bayan doguwar tafiya, ka sassauta gudu a kilomitocin ƙarshe, ko ka bar ta a sulo minti ɗaya zuwa biyu kafin ka kashe, kuma kada ka taka totur sannan ka kashe injin, domin farfela za ta ci gaba da juyawa babu mai. Ka riƙa zaro geji duk mako a wuri mai daidai, injin a kashe. Idan mai ya ragu ka cika da irinsa, idan kuma ka ga ya haura alamar sama yana warin fetur, ka juye shi ko da bai kai kilomita 5,000 ba, a kuma duba nozul da tamostat.