Gargaɗi kan kakin bogi da ake sayarwa don gyaran ƙotar bindiga

Masu bindigar farauta da masu wasan harbi, a yi hattara da wasu da ke tallar "kakin karnoba zalla" a intanet. Salonsu ɗaya ne: gajeren bidiyo, a shafa wani abu a tsohuwar ƙota, nan take ta ɗau ƙyalli, sai a ce kaya sun kusa ƙarewa, a turo kuɗi tukuna. Wasu da kuɗi sun shiga shi ke nan. Waɗanda ke aiko da kayan kuwa sun fi ɓarna, domin abin da ke cikin gwangwanin kakin kyandir ne da aka narka da kananzir ko man inji, aka ƙara silikon, wani sinadari mai sa santsi da ƙyalli, da ɗan launi.

Ƙaryar tana jikin sunan. Karnoba daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, a arewa maso gabashin Birazil, kuma sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salsiyas yake narkewa. Zallarsa tauri gare shi, karyewa yake yi, ba ya lakutuwa. Duk abin da yatsa ya lakuta ba zalla ba ne. Kaki na gaskiya haɗi ne, galibi da kakin zuma mai narkewa a digiri 62 zuwa 64 da wani ruwa mai tashi a iska, kuma mai sana'ar kirki yana rubuta haka a jikin gwangwani. Kakin kyandir wani tun daga digiri 46 yake sakin jiki, shi ya sa ƙotar ke danƙo idan ta sha rana.

Ɓarnar ba ta fitowa a makon farko. Man inji ba ya bushewa. Yana bin jijiyar itace ya shige ta bakin ƙota, inda katako ya haɗu da ƙarfe, wurin ya yi baƙi ya yi laushi. Nan ne kuma bugun harbi ke sauka, sai tsaga ta ɓullo a wuyan ƙotar, bayan kunama. Silikon kuwa yana zama cikin ƙofofin itace. Duk ranar da aka zo shafa sabon mai ko banish, wato ruwan da ke bushewa ya bar ƙyalli a katako, sai ya ƙi kwanciya, ya tattare ya bar ƙananan ramuka. Gogewa da takardar yashi ba ta fitar da shi, baza shi take yi. Ga santsi a wurin riƙo, wanda haɗari ne ga abin da ake harbi da shi.

Kafin ka shafa wani abu, ka cire harsashi, sannan ka gwada shi a gefe. Lakuci kaɗan a farar takarda ka bar shi kwana ɗaya: kaki mai kyau zai bar busasshen tabo, na bogi zai bar da'irar maiƙo mai faɗaɗa. Idan mai ne aka ce na linsid dafaffe ko na tung, wato mayukan tsirrai masu bushewa da ake gama katako da su, ɗiga shi a gilashi ka baje. Linsid zai yi fata cikin kwana ɗaya zuwa uku, tung zai fi daɗewa. Wanda ya yi mako biyu yana ruwa, ba mai bushewa ba ne. Don gano silikon, shafa a guntun katako, goge, ka bi da banish ka ga ko zai kwanta. Wanda ya tsallake, a fara da shi a ƙarƙashin farantin gindin ƙota, inda ido ba ya gani.

Suna sananne ma ba hujja ba ne, don ana cika tsoffin gwangwanaye. Duba hatimin murfi da lambar kaya, ka nemi jerin sinadarai. Mai cewa sirrin sana'a ne, rabu da shi.

Ƙotar da aka gama da mai, man linsid ko tung take so: ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu, a murza, bayan minti ashirin a goge saura tas. Kaki sai bayan makonni, idan man ya kama. Ƙotar da aka gama da banish kuwa shafa ɗaya siririya ta kaki irin wanda ake sayarwa da sunan Renaissance Wax ta ishe ta, a bi sassaƙar wurin riƙo da buroshin haƙori mai laushi don kada ya taru ya yi fari. Tsumman da ya sha linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka a shanya shi a buɗe ko a nutsa shi cikin ruwa.