Wata takwas ina gashi da obin na gas

Na lantarki na fara saye, ɗan ƙarami na ɗorawa kan tebur mai cin wat 2000. Gashinsa kam ba a magana. Zafi ta sama, zafi ta ƙasa, ki murɗa shi zuwa digiri 180 ki kama wani aiki, kek ya fito launi ɗaya. To amma a unguwar Mabera ta Sakkwato muke zaune. Ranar da na karɓi aikin kek ɗin suna, kwaɓin bai fi minti 15 a ciki ba aka ɗauke wuta, tsakiyarsa ya lotsa ya zama danƙo. Janaretanmu ko wat 1000 bai kai ba, fanka da fitila kaɗai yake ja. Na yi asarar ƙwai da bota, ga kunyar mai jego.

Shi ya sa na koma kukar gas mai kai huɗu, mai obin a ƙasa. Makon farko sai da na yi nadama. Harshen wutar daga ƙasa kawai yake, gindin kek ya ƙone, sama kuma fari fat. Wata ƙawata a Runjin Sambo ta ce, "Ke dai zuba gishiri a faranti ki ajiye ƙasan obin, ki ɗaga kek ɗin zuwa tsakiya." Haka na yi, ƙuna ta tsaya. Na kuma sayi ɗan ma'aunin zafi na ratayewa ciki, don lambobin jikin mamurɗin ba sa faɗin gaskiya. Kaza kuwa tana yin kyau ƙwarai, ba ta bushewa.

Aibinsa zafi. A watan Afrilu, da ranar Sakkwato, kicin ya kan koma tanderu, sai dai in yi gashi bayan sallar Asuba. Kuma ki buɗe ƙofarsa, ki ƙyasta ashana kafin ki saki gas. Na taɓa jinkiri, gashin hannuna ya babbake.

Na gawayi da masu walda ke ƙerawa na gwada shi gidan yayata. Yana ɗaukar kaya da yawa, ga arha, sai dai ba ki matsawa daga gabansa, ga toka.

Na lantarkin yana nan cikin kwali. In wuta ta zauna, na kan fito da shi don kek ɗin biki.